Taku Goma Sha Huɗu

A birnin Kusko mutuwa ba ta raba sarki da gidansa. In ya cika, sai a busar da jikinsa, a sa masa tufafinsa masu kyau, a zaunar da shi a ɗakin da ya saba zama. Gonakinsa suna nan nasa, garkensa nasa, barorinsa da 'ya'yan barorinsa duk nasa. Ɗan da ya gaje shi jar gezar sarauta kawai yake ɗauka ya ɗaura a goshi, sauran kuwa ya je ya nema da ƙarfinsa. A irin wannan gida aka haifi Tokto, gidan sarkin da muke kira Mai Tudu, don mu barori ba ma kama sunan sarakuna, da wurin zamansu muke kiransu.

Ubanta mai gyaran magudanan ruwa ne. Uwarta, Wayta, ita ke dafa giyar masara ta gidan, kuma tana da wani sirri da ba ta gaya wa kowa ba sai 'ya'yanta: rana ta uku takan jefa 'ya'yan itacen muli guda bakwai a tukunya, giyar ta fito da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. 'Ya'yan nata biyu ne suka rayu, Tokto da ƙanwarta Cimpu, shekara uku tsakaninsu. Tokto yarinya ce mai tsoro, ko bakin ƙofar gida aka aike ta sai ta tsaya tana waige-waige. Cimpu kuwa baki gare ta kamar ta ari na wani ta ƙara, babu wanda ta bari, har masu gadi.

Tokto na da shekara goma sha biyu Mai Tudu ya cika. Kowa a gidan ya san ba ɗan da ya hau yake so ba, ƙaramin yake so, kuma bai ɓoye ba. Babban ya ɗaura gezar da wannan ciwo a ransa. Shi ne wanda daga baya aka kira Mai Rafi, saboda gidan da ya gina a kwarin da ke ƙetaren gada, tafiyar rabin yini. To wajen cika wannan gida da mutane ne ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ya aiko sojoji gidan ubansa, ya ce duk ɗakin barori mai 'ya'ya biyu a ba shi babban.

Da hantsi suka zo. Tokto ta ji maganar tun suna ɗakin maƙwabta, ta zame ta bayan gida ta shige rumbun busasshen dankali, ta tura kanta cikin buhuna ta kwanta. Daga can tana jin komai. Ta ji uwarta na cewa babbar ta tafi kiwo, ta ji sojan ya ce to a ba shi wadda ke nan, shi yaro ɗaya aka ce ya kawo. Ta ji an kira sunan Cimpu. Ta san in ta fito shi ke nan, ita za a ɗauka, ƙanwarta ta zauna. Ba ta fito ba. Sai da rana ta take tsaka ta rarrafo waje, kanta fari fat da ƙura. Uwarta ta dube ta, ta ci gaba da ɓarar masara. Har Wayta ta mutu ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma da ta doke ta da ya fi wa Tokto sauƙi.

Tun daga ranar gidajen biyu suka daina magana. Dangin Mai Tudu suka taru suka sanar cewa sarki ya juya wa ɗansa baya. Matattun sarakuna kan ziyarci juna, a ɗauko wannan a kan gadonsa na sanduna a kai shi gidan wancan, su yini tare ana ci ana sha a madadinsu. Ranar biki kuma a jera su a dandali su aika wa juna ƙoƙon giya. Tsakanin Tudu da Rafi babu ziyara, babu ƙoƙo. Aka hana kowane baran Tudu taka gadar. Mai Rafi ya yi shekara ashirin da biyar yana mulki, ya cika, aka busar da shi aka zaunar, amma gabar ba ta motsa ba, don matattu ba sa gajiya da fushi, danginsu kuma suna jin daɗinsa.

Tokto ta fara da shara. Daga nan aka ba ta mafici na gashin tsuntsu, ta yi shekara tara tana korar ƙuda daga fuskar sarki. Ta auri wani mai ɗaukar gadon sarki, mutum mai shiru-shiru, suka zauna lafiya har ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ba su bar ɗa ba. Tana da shekara talatin tsohuwar Bakin sarki ta mutu, aka zaɓe ta.

Aikin Baki ba ɓoyayye ba ne. Akwai mayafi mai jan gefe. In ta yafa shi, duk abin da ya fito daga bakinta maganar sarki ce, abin da ta ci shi ya ci, abin da ta sha shi ya sha. Kowace safiya takan zauna a gabansa, ta ƙona masa ɗan abincinsa a kasko, ta yi shiru tana saurare. Tsohuwar da ta gada, a zamaninta Mai Tudu ya kasance sarki mai yawan kwaɗayi, kullum yana son gasasshen nama, wata-wata yana son a kai shi maɓuɓɓugar ruwan zafi, kuma abin mamaki ra'ayinsa kan zo daidai da na duk wanda ya kai mata sabon zane. Da mayafin ya dawo kafaɗar Tokto sai sarki ya zama mutum mai ƙarancin magana. Kwana tara cikin goma, in dangi suka tambaya, amsarta ɗaya ce, bai ce komai ba. Jikokinsa suka yi ta ƙorafi. Wani ya taɓa ce mata ai tun yana numfashi kakansu bai taɓa yin shiru haka ba, ta ce to ya shiga ya tambaye shi da kansa. Amma in rikicin gona ya taso tsakaninsu, gurinta suke zuwa, don sun san ba a sayen ta.

Labarin Cimpu daga bakin masu kawo gishiri take samu, su da ke shiga kowane gida da garken lama, dabbobinmu na dako. Shekara biyu, shekara uku, a kawo mata kalma ɗaya. Tana raye. Ta yi aure. Ita ke dafa giyar Rafi. Mijin ya mutu. Ƙafafunta sun kumbura. Na ƙarshe da ya zo ya ce yanzu ko tsakar gida sai an riƙe ta. Tokto ba ta taɓa ba da saƙo ba. Abin da take son faɗa ba na saƙo ba ne. Tana son ta tsaya a gaban ƙanwarta ta ce, ina cikin rumbu, ina ji, ban fito ba. Kuma ta san lokaci yana ƙurewa.

Hanyar kuwa a bakinta take. Da za ta yafa mayafi ta ce sarki na son ganin ɗansa, kafin wata ya mutu an buɗe gadar. Safiya nawa ta zauna a gabansa tana roƙonsa a zuci ya faɗa, tana kasa kunne har wuyanta ya ƙage. Tsohon bai faɗa ba. Ita kuma ba za ta sa masa magana a baki ba. Sau ɗaya ta taɓa fifita kanta, ta ga abin da ya biyo baya, ba ta son na biyu. Wasu za su ce taurin kai ne, ni ma wani lokaci haka nake gani, amma haka take.

Sai dai akwai abin da take ɓoyewa, don ɓoyewa halinta ce tun tana yarinya. Idanunta sun soma mutuwa. Da farko fuskoki ne suka dushe, daga baya komai ya zama hazo-hazo, haske da inuwa kawai. Ta ji tsoron a karɓe mayafin a mayar da ita ƙauye, sai ta yi shiru ta koma ƙidayar taku. Daga ɗakinta zuwa ɗakin sarki taku talatin da biyu. Daga kasko zuwa ƙofa bakwai. A dandali kuwa, daga kujerar Mai Tudu zuwa kujerar mahaifinsa, wanda yake aika wa ƙoƙon farko kowace shekara, taku goma sha huɗu ne zuwa dama. Ta yi shekara huɗu a haka babu wanda ya gane.

Ana nan ɗan Mai Rafi, wanda ya yi shekara ashirin da ɗaya a kan mulki, shi ma ya cika, ɗansa ya ɗaura geza. Da bikin rana ya zo, sabon sarki ya ce mahaifinsa ba zai zauna a ƙarshen layi kamar baƙo ba, a sa shi a tsakiya inda hasken safe ke fara sauka. Don a buɗa masa wuri aka jujjuya kujeru. Mai shirya dandali ya bi Bakunan sarakuna ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu da hannu, wane yana can, wane ya koma can. Da ya zo kan Tokto ya nuna, ta gyaɗa kai kamar ta gani. Kunya ta hana ta ce ya faɗa da baki.

Aka busa ƙaho, aka fara aika ƙoƙo. Ta cika ƙoƙon zinariya, ta miƙe, ta juya dama. Tun wajen taku na goma ta ji surutun dandalin yana raguwa, ta ɗauka girmamawa ce. A na goma sha huɗu ta durƙusa ta miƙa hannu biyu, ta faɗi abin da ake faɗa, cewa ubangijinta ya tuna da mai wannan kujera, ya ce a sha tare. Sannan wani hannu ya karɓi ƙoƙon, wata muryar namiji da ba ta sani ba ta ce Mai Rafi ya karɓi ƙoƙon ubansa. Ta juya ta koma taku goma sha huɗu.

Ƙoƙon da aka miƙa ba a janye shi, kuma wanda ya aika da ƙoƙon farko shi ke bin sa da ziyara. Da yamma shugaban dangin Tudu, Apu Rimaci, ya sa aka kira ta. Tsoho ne mai ƙiba da ƙaton 'yan kunne, bai taɓa yafe mata yadda sarki ya daina neman zuwa ruwan zafi ba. Ya kori kowa, ya tambaye ta ko sarki ne ya aike ta can.

“Ranka ya daɗe, bai aike ni ba,” in ji ta. “Ba na gani. Shekara huɗu ke nan taku nake ƙidayawa. Kuskurena ne.”

Rimaci ya daɗe yana huci. Daga nan ya soma tunani, wanda ba aikinsa ba ne na kullum. In aka ce Bakin sarki tana kuskure, to gonar masarar da sarki ya ba shi ta bakinta shekara goma da suka wuce fa? Ƙannensa za su dawo da maganar kafin gari ya waye.

“Ke Mama Tokto, ƙafafun nan na wa ne?”

“Na sarki ne, ranka ya daɗe.”

“To shi ke nan, ya kai su inda ya ga dama. Wa ya tambaye ki ido? Ki riƙe bakinki, ki riƙe mayafinki. In na ƙara jin kalmar kuskure, ƙauye za ki.”

Washegari aka sanar cewa Mai Tudu ya huce. Jikokin da suka girma da tsine wa Rafi suka riƙa cewa ai su dama sun ga alamu. Sai aka shiga shiri, shirin da ya kusa kashe Tokto da zullumi. Wata biyu cur dangi biyu suna aika wa juna manzanni a kan wace riga uba zai sa, da ko ɗa zai fito tarya har bakin gada ko bakin ƙofa. Ita kuwa kowace safiya tana ƙona abinci a kasko tana tunanin kumburarrun ƙafafu. Ko da ta je ma, me za ta yi? Mai mayafi ba ta da 'yar'uwa, ba ta da maganar kanta, kuma ba ta gani balle ta nemi fuska a cikin taro.

Ranar ta zo. Suka fita da sassafe, sarki a kan gadonsa, masu mafici a gefe, ita a baya tana riƙe da gefen gadon kamar don ladabi. Ta ji gadar igiya na lilo a ƙarƙashinta, ta ji iskar kwari mai ɗumi da ƙamshin masara ɗanya. Kafin rana ta take tsaka aka zaunar da uba da ɗa fuska da fuska a babban tsakar gida, dangi a jere, tsofaffin barorin Rafi a zazzaune jikin bango kamar yadda ake yi. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ta faɗi nata kason daidai, babu ƙari. Sannan Bakin Mai Rafi ya kawo ƙoƙon ramuwa, ta karɓa ta kai baki a madadin sarki.

A kurɓar farko ta ji shi, ɗan ɗacin nan a ƙarshen harshe. Rabonta da shi tun mutuwar uwarta. Giyar ta sarƙe ta, ta yi tari har hawaye suka zubo. Ta tsaya da ƙoƙo a hannu, ta san dai mai wannan tukunya tana raye kwana uku da suka wuce, kuma wataƙila tana zaune cikin wannan hazo da ke gabanta. In ta shanye ta yi shiru, za a ɗauki sarki a koma Tudu, ta mutu da mayafinta. Tsoron nan nata na yarinta ya dawo mata.

Ta shanye giyar tukuna, don ta sarki ce. Ta ajiye ƙoƙon. Sannan ta zare mayafin daga kafaɗarta, ta ninke shi huɗu yadda ta saba, ta lalubo ƙafafun Mai Tudu ta ɗora a kai.

“Sarki ya gama magana,” ta ce. “Wannan ni ce, Tokto 'yar Wayta mai giya. Ba na gani. Ina neman ƙanwata.”

Ta ji Rimaci ya ja numfashi kamar an taka shi. Sai daga can jikin bango, ta hagu, wata tsohuwar murya ta fito, a shaƙe amma da kaifinta.

“Yaya, shekara nawa kina sha wa sarki giya, har yau ba ki iya haɗiya ba sai da tari?”

Abin da ya biyo baya a tsakar gidan ba shi da daɗin ba da labari, an yi ta ƙus-ƙus da harara. Amma Rimaci, da ya ga gonarsa na rawa karo na biyu, ya miƙe ya sanar cewa ai wannan ma nufin sarki ne, ya sallami tsohuwar baiwarsa ya ba ɗansa ita kyauta, alamar an shirya. Kowa ya yi na'am don kowa na son a kawo nama. Haka aka raba Tokto da mayafi, da ɗakinta, da gidan da aka haife ta, duk a zama ɗaya. Da la'asar aka ɗauki Mai Tudu aka tafi, ba wanda ya yi mata sallama.

Aka kai su ɗakin giya su biyu, tsakanin manyan tukwane. Cimpu ta miƙe ƙafafunta a kan buhu tana nishi. Tokto ta shafa fuskar ƙanwarta, ta ji babu haƙori ko ɗaya a gaba, ta ji kumatun da ta sani cike sun zube. Cimpu ta bar ta ta gama, sannan ta ce ta ji an ce yayarta ta zama babbar mace a Tudu, ashe ƙarya ne, ƙashi ne kawai da fata. Ta tambayi yadda uwarsu ta mutu, da inda aka ajiye ubansu. Tokto ta amsa duka. Daga nan ta haɗa hannuwanta a cinya, ta faɗi maganar da ta yi shekara arba'in da shida tana gyarawa. Ta ce ba kiwo ta tafi ba. Ta ce tana cikin rumbun dankali, tana jin lokacin da aka kira sunan, kuma da ta fito da ba a ɗauki kowa ba sai ita. Ta ce ba ta zo neman a ce ba komai ba, ta zo ne don Cimpu ta sani kafin ɗayarsu ta tafi.

Cimpu ta gyara ƙafa a kan buhun.

“Wannan ce maganar da kika yar da mayafi saboda ita?”

“Ita ce.”

“Haba Yaya. Ke ko ɓuya ba ki iya ba. Ƙafarki ta hagu a waje take, har da takalmi. Wa kike tsammani ya tsaya a bakin rumbun ya rufe ta da zane har sojan ya juya?”

Tokto ta ɗago kai. Da ƙyar ta ce, don me.

“Ke da ake aika bakin ƙofa ki dawo da kuka? Kwana uku za ki yi a nan ki mutu. Ni kuwa na ce bari in je in ga wanda zai iya da ni.” Ta yi tsaki. “Inna ma ta gan ni. Na ce mata kada ta kuskura ta gaya miki, za ki ji kunya. Da na san haka za ki kwashe rayuwarki kina yi, da na aiko mai gishiri ya zage ki.”

Tokto ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar rumbu, ba ta yi ba ranar mutuwar mijinta. Cimpu ta bar ta, tana ɗan bubbuga mata gwiwa. Da ta ga abin ya yi yawa sai ta ce ya isa haka, tukunyar can ta kusurwa yau kwananta uku, ita kuma ba ta iya tashi. Ta zuba mata 'ya'yan muli bakwai a tafin hannu. Tokto ta share fuska ta miƙe, ta tambaya taku nawa ne zuwa wurin.

“Ni ina na sani,” in ji Cimpu. “Ki tafi dai, ina kallonki.”